Zoɓo lita 50 daga kan wuta zuwa gora: wace dabara ce za ta sanyaya shi cikin awa ɗaya?

Maman Khairat, Mabera

Assalamu alaikum. Ina dafa zoɓo lita 50 kowace safiya, ina ɗurawa a gorunan roba na rabin lita, a kai shaguna kafin azahar. Wajen sanyayawa nake neman shawara. In an tace an rufe tukunya an bar shi ya huce da kansa, har la'asar da ɗuminsa, jan launin nan kuma ya dushe. In an zuba a jarka an saka a firiza da zafinsa, ƙanƙarar da ke ciki ta narke, inji ya wuni yana gurnani, zoɓon kuma bai yi sanyin kirki ba. In an ɗura da zafi, gora ta lanƙwashe. Ga azumi tafe, lokacin da ciniki ke ninkawa.

Abin da ke hannuna: firiza ɗaya mai murfi a sama, rijiyar burtsatse da tankin sama, da ƙaramin sola da ke iya ɗaukar fanka da ɗan famfo. Wutar Nepa kuwa sai yadda ta yiwu. An ba ni shawara a naɗa mini bututun jan ƙarfe irin na esi, a tsoma cikin tukunya ana bi da ruwa ta cikinsa. Shin daidai ne? Ƙanƙara kilo nawa aikin zai ci? Kuma dabarar za ta yi wa kunun zaƙi da shayi mai sanyi?

Injiniya Sani, Arkilla

Wa alaikumus salam, Hajiya. A fara da lissafi, don shi zai nuna dalilin da firizarki ta kasa.

Kafin lita ɗaya ta ruwa ta sauka da digiri ɗaya, sai an cire mata zafi kilojul 4.2. Zoɓo kusan ruwa ne, sukari ya ɗan rage adadin kaɗan. Daga digiri 95 zuwa 5 akwai digiri 90, a ninka da lita 50, zafin da za a kwashe ya kai kilojul 18,900. Firizar gida irin taki, abin da take iya cirewa bai wuce wat 150 ko kusa da haka ba, wato kilojul 540 a awa. Ki raba ki gani: awa 35 tana aiki ba hutu. Ba lalacewa ta yi ba, kayan ne suka fi ƙarfinta.

Ƙanƙara kilo ɗaya tana shanye kilojul 334 kafin ta gama narkewa, sannan ruwanta ya ƙara shan kusan 21 kafin ya kai digiri 5. In ƙanƙara kaɗai za a bar wa aikin, sai an kashe kilo 53. Asara ce, domin fiye da rabin zafin nan ruwan rijiya zai ɗauke shi kyauta. Saboda haka a raba aikin gida biyu: ruwan burtsatse ya sauko da shi daga 95 zuwa 40, ƙanƙara ta karɓa daga 40 zuwa 5. Kashi na biyun kilojul 7,350 ne, ƙanƙara kilo 21 ke nan, a ce 25 saboda wadda za ta narke a banza.

Naɗin bututun da aka ce miki dabara ce mai kyau, masu dafa abin sha da yawa a duniya da ita suke aiki, amma ga zoɓo ba na jan ƙarfe ba. Zoɓo na da tsami ƙwarai, a ma'aunin tsami na pH, inda ƙaramar lamba ke nufin tsami mai yawa, yana tsakanin 2.5 da 3, kuma tsami mai zafi yana cin jan ƙarfe ya narkar da shi cikin abin sha. Ɗanɗano ya canza, launi ya canza, ciki kuma ya ɗauka. Wanda aka ciro daga tsohon esi ya fi muni, da sauran man kwamfireso a cikinsa. A nemi bututun sitenles, ƙarfen nan mara tsatsa, lamba 304 ko 316, faɗin rabin inci, mai siririn jiki, tsawon mita 15. Za a ce miki jan ƙarfe ya fi shi wuce da zafi sau ashirin da wani abu. Gaskiya ne a takarda, 400 ne da 16. Sai dai kaurin jikin bututun rabin milimita ne kawai, ba nan zafi ke maƙalewa ba. Inda yake maƙalewa shi ne ɗan siririn zoɓon da ya riga ya huce ya lulluɓe bututun ya tsaya cik. Maganinsa juyawa da ludayi mai tsabta, ko ɗaga naɗin sama da ƙasa a hankali. Wanda bai juya ba zai iya ninka lokacinsa.

Wajen naɗawa, a cika bututun da busasshen yashi a toshe bakinsa biyu, a naɗe shi jikin tukunyar gas ko wani abu mai faɗin da zai shiga tukunyarki da sauran sarari, a bar tazarar yatsa tsakanin zobe da zobe. Ba yashi, bututu zai ƙulle a gwiwa, ruwa ya daina wucewa. Bakunan biyu su fito su lanƙwaso ƙasa a wajen tukunya, a can za a ɗaura tiyo da kilif, ta yadda ko ya yi yoyo a ƙasa zai ɗiga. Ruwan sanyi ya shiga ta zoben sama, inda zoɓon ya fi zafi.

Da ruwa mai digiri 30 yana gudu lita 8 a minti, ana juyawa, lissafi yana ba da minti 20 zuwa 25 kafin a kai digiri 40, ruwa kuma wajen lita 180. Wanda ya fara fita yana haura digiri 60, yana iya ƙona hannu. A tare shi a baho a wanke goruna da shi. A 40 ɗin a tsaya. Gudun sanyaya yana bin tazarar da ke tsakanin zafin zoɓo da na ruwa, tana raguwa yana raguwa: saukowa daga 40 zuwa 32 zai ci kusan minti 20 da wata lita 150, a kan digiri takwas kacal.

Daga nan a cire tiyo daga famfon rijiya, a haɗa shi da ɗan famfo mai nutso irin na fankar ruwa, ko mai bolt 12 da solarki za ta ɗauka. A saka famfon a kula mai ƙanƙarar da ruwa lita 10, tiyon fita kuma ya dawo cikin kular. Kusan rabin awa zoɓo ya kai digiri 6. Duka-duka minti 50 zuwa awa ɗaya.

Abu ɗaya da ke ɓata wannan lissafi a garin nan na Sakkwato shi ne baƙin tankin roba da ya wuni a rana cikin Afrilu. Ruwansa da rana yana iya wuce digiri 40, ba abin da zai sanyaya. Ki yi aikin da ruwan da ke fitowa kai tsaye daga ƙasa, wanda ke zama kusa da digiri 30 rani da damina, ko na tanki da asuba. Kuma ki sayi ma'aunin zafi mai tsinke, irin na masu gashi. Taɓa tukunya da hannu ba ya bambanta 40 da 50.

Malam Garba mai firij, Sahara

Injiniya, Allah shi ƙara basira, lissahi ya hita. Zan ƙara ta ɓangaren inji da ƙanƙara.

Hajiya, firiza ba wurin huce abinci ba ce, rumbun tara sanyi ce. Ki bar ta tana yin ƙanƙara duk lokacin da aka kawo wuta, ƙanƙarar ce za ta yi aikin gaggawa da safe. Ruwa kilo ɗaya mai digiri 30 sai an cire masa wajen kilojul 480 kafin ya daskare ya yi ƙarfi. In wuta ta tsaya awa 24, firizar da Injiniya ya kwatanta kilo 27 za ta yi in ta yi ƙoƙari. In awa 12 aka samu, kilo 13. Sauran sai saye. Kuma wannan in injin yana numfashi ne: a janye ta daga bango kamar taku ɗaya, a goge ƙurar hunturu daga ragar baya ko gefen da ke ɗumi, kada a ajiye ta ɗakin kwano mara silin. Zafin ɗaki in ya haura 40, gas ba ya hucewa sosai a bututun waje, matsi ya tashi, kwamfireso ya yi zafi ya riƙa yankewa yana tashi. Jarkar zoɓo mai zafi a ciki tana ƙara masa wannan wahala, kuma ita ke narkar da nama ko kajin da aka ajiye gefe.

Ƙanƙarar kula ba sai mai tsabta ba tunda ba ta taɓa zoɓo, bulon da ake sayarwa ya isa. Amma a farfasa shi kamar girman dunƙulen hannu. Bulo guda yana narkewa a hankali, ruwan kula ya ɗumame zuwa digiri 15 alhali ga ƙanƙara tana iyo. Tiyon dawowa a ɗora shi a kan ƙanƙarar nesa da famfo, in ba haka ba famfo zai riƙa zuƙar ruwan ɗumin da ya dawo yanzu. A sa wa bakin famfo raga saboda ɓarɓashi da guntun leda, kuma kada ya yi gudu babu ruwa, nan take yake ƙonewa.

Sai maganar gishiri, don na san za a kawo miki ita. Gishiri kilo 1 a ruwa lita 9 yana saukar da daskarewa zuwa kusan digiri 6 ƙasa da sifili, in an ƙure shi zuwa kashi 23 cikin ɗari har 21 ƙasa da sifili yake kaiwa. Yana ƙara sauri, amma ba ya ƙara yawan zafin da ƙanƙara za ta sha, kilo 21 ɗin nan suna nan. Kada a bi da ruwan gishiri ta cikin naɗin sitenles. Na farko, gishiri yana huda 304 da ƙananan ramuka. Na biyu, zoɓo zai daskare ya manne jikin bututun, ƙanƙarar ta zama riga ta hana zafi wucewa. Inda gishiri ke da amfani shi ne gorunan da aka riga aka ɗura aka rufe: a nutsa su cikin ruwan ƙanƙara da gishiri zuwa wuya, ana jujjuya su, a ɗauraye kafin a fitar. Ruwa ya fi iskar firiza kwashe zafi nesa ba kusa ba.

Gorar roba irin ta ruwan sha tana fara laushi wajen digiri 65 zuwa 70, shi ya sa take lanƙwashewa. Kwalba kuma mai zafi in ta shiga ruwan ƙanƙara tsagewa take. Wajen sayen bututu, maganaɗisu yana tona ƙarfen da aka yi wa fenti, amma ba ya raba 304 da 201 mai arha, duka biyun ba ya kama su sosai. A duba lambar da aka buga a jiki.

Malama Asabe, Runjin Sambo

Sannunku da ƙoƙari. Ni ina ganin ga lita 50 akwai hanyar da ba ta buƙatar bututu ko famfo, kuma ta fi duka sauri: a dafa shi da kauri, a tsinka shi da ƙanƙara mai tsabta.

Kilo ɗaya na ƙanƙara yana sauko da lita ɗaya ta ruwa daga digiri 80 zuwa sifili daidai. To soɓorodo, citta, kanumfari da sukarin da kika saba sa wa lita 50, ki dafa su a ruwan da zai ba ki lita 27 bayan tacewa. A auna bayan an tace, domin busasshen soɓorodo yana shanye ruwa mai yawa. Sukari a narkar da shi tun da zafi. Lokacin da aka gama tata zafin yakan sauko wajen 80. A juye shi kan ƙanƙara kilo 23, a juya. Cikin 'yan mintuna an sami lita 50 a digiri 6 ko ƙasa. Ruwan leda rabin lita ne, rabin kilo ke nan, saboda haka leda 46 daskararru, jaka biyu da guda shida. Haka masu kofi suke yi, su tace shi da zafi kai tsaye kan ƙanƙara, ƙamshi bai sami lokacin tashi ba. Launin zoɓo ma haka: sinadarin da ke ba shi ja yana rushewa gwargwadon daɗewarsa cikin zafi, kuma tukunyar alminiyum ko ƙarfe mai tsatsa tana ƙara dusar da shi.

Sharaɗin hanyar nan ɗaya ne, kuma mai nauyi: ƙanƙarar ta zama abin sha. Daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai take. Bulon kasuwa da aka ja a ƙasa aka lulluɓe da buhu bai shiga nan ba sam. Ko ruwan leda, sai an wanke bayan ledar, a yanka da wuƙa mai tsabta, ƙanƙarar ta faɗa tukunya ba tare da hannu ya taɓa ta ba. Leda 46 dama 46 ce ta shigar da datti. Ya fi kyau ki tafasa ruwanki, ya huce a rufe, ki daskarar a robobi masu murfi na lita biyu-biyu.

Saurin nan ba don sanyin baki kaɗai ba ne. Tsakanin digiri 60 da 5 ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, kuma sun fi jin daɗin 30 zuwa 40, wanda shi ne zafin inuwarmu. Ƙa'idar hukumar abinci da magunguna ta Amurka ita ce dafaffen abu ya sauko daga 57 zuwa 21 cikin awa biyu, ya kai 5 kafin cikar awa shida gaba ɗaya. Tsamin zoɓo yana kare shi daga yawancin masu haɗari, abin da ke lalata shi yis ne da fumfuna, su ne ke kumbura gora su sa kumfa. Amma masu sa kanwa don kashe tsami su sani suna rage wannan kariya. In pH ya haura 4.6 ta tafi. Alamar an zarce ita ce launi ya koma baƙi-baƙi ko shuɗi-shuɗi. Kankana, kokwamba ko abarba da aka markaɗa ɗanye aka zuba bayan an sauke, su ma da nasu ƙwayoyin suke shigowa.

Kunu lamarinsa daban. Gero da dawa suna ɗauke da wata ƙwaya, Bacillus cereus, wadda ƙwanta ke tsira daga tafasa, ya farka in kunu ya daɗe da ɗumi, kuma gubar da take saki wani nau'inta sake dafawa ba ya kashe shi. Ga shi kunu mai kauri ne, ba ya zagayawa da kansa, gefe ya huce tsakiya na nan da zafi. Naɗin bututu zai yi masa aiki in ana juyawa ba tsayawa, in an tsaya ya yi ɓawo jikin ƙarfen. Mafi sauƙi a raba shi a farantan sitenles masu faɗi, zurfin kunun kada ya wuce santimita 5, a jera cikin ruwan ƙanƙara. Kunun gyaɗa da duk mai madara sun fi kunun zaƙi buƙatar wannan, tunda ba su kai shi tsami ba.

Shayi kuwa, in mai kauri ya huce yakan yi hazo. Sinadarin kafeyin ne ke haɗuwa da sinadaran da ke ba shi launi da bauri. Ba lalacewa ba ce, ɗan ruwan zafi yana washe shi. Ruwa mai nauyin farar ƙasa yana ƙara hazon, kuma yankin da ke da dutsen siminti irin na Kalambaina da ke gefen Sakkwato ba a rasa rijiyoyi masu irin wannan ruwa. Kada a bar ganyen ya wuce minti biyar a ruwa.

Maman Khairat, Mabera

Allah shi saka muku da alheri. Abin da na fahimta, kowace hanya sai ƙanƙara sama da kilo 20, firizata kuma 13 za ta iya a irin wutarmu. A azumi ƙanƙara tsada take, wani lokaci ma ba a samu. Ba yadda za a rage? Kuma randa ko sheƙawa irin ta masu shayi ba za su taimaka ba?

Injiniya Sani, Arkilla

Akwai, Hajiya, a haɗa shawarar Malama da tawa. Ki dafa lita 25 mai kauri. Naɗin bututu da ruwan rijiya ya sauko da shi zuwa 40, wanda zai ci kamar minti 12 in naɗin ya nutse duka, don haka tukunya mai tsawo ta fi mai faɗi. Sannan ki zuba ƙanƙara mai tsabta kilo 14 da tafasasshen ruwan da ya huce lita 11. Jimilla lita 50 a digiri 5, ba famfo ba kula. Ribar ta fito ne daga rabin ruwan da bai taɓa hawa wuta da safen ba, itace ko gas ma ya ragu. In lita 11 ɗin ta kwana a randa ta sauko zuwa digiri 22, ƙanƙarar ta koma kilo 13.

Randa tana aiki ne da tururi: lita ɗaya in ta bi iska tana tafiya da kilojul 2,400, daidai da ƙanƙara kilo bakwai. A kan wannan Malam Mohammed Bah Abba ya gina tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ya yaɗa a Jigawa har ta samo masa kyautar Rolex a 2000. Iyakarta bushewar iska. Ranar da zafi ya kai 42 kuma laimar iska kashi 12 ce cikin ɗari, mafi ƙasan da za a iya kaiwa wajen digiri 20 ne, a aikace a sa ran 24 ko 25. A Agusta, zafi 32 laima 70, ba za a sauka ƙasa da 27 ba. Wato tana da amfani daga hunturu zuwa bazara, da damina kuwa kusan babu. Kuma a hankali take aiki, don haka ruwan tsinkawa ko ruwan da zai bi bututu za ta sanyaya cikin dare, a rufe. Zoɓo mai zafi ba ya shiga randa. Durom da aka naɗe da jiƙaƙƙen buhun algarara, fanka na busa shi a inuwa, shi ma yana yin wannan aiki.

Sheƙawa tana sauko da kofi ɗaya daga 90 zuwa 60 da sauri saboda tururi na tashi sosai a wannan zafin. Ƙasa da haka ƙarfinta ya ƙare, kuma lita 25 da ake sheƙawa a fili tana kwasar ƙura da ƙuda, ƙamshin citta na bin iska.

Naɗin kansa, a tsoma shi cikin tukunya minti 10 kafin a sauke, tafasar ta kashe abin da ke jikinsa. A tabbata an tsiyaye ruwan cikinsa tukuna kuma bakunan ba sa kallon mutum, don ragowar ruwa yana tafasa ya feso. Bayan aiki a wanke da sabulu da soso mai laushi, ban da soson ƙarfe, ban da jiƙawa a bilic, a rataye ya bushe. In ruwan rijiyarki mai barin farin ɓawo ne a buta, duk wata a zagaya ruwan tsamin lemo mai ɗumi ta cikin bututun na rabin awa, a bi da ruwa mai kyau.